Ranar da Ruwan Toka Ya Ci Tukunyar Inna

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar bazara, shekarar da na cika goma sha ɗaya, aka wayi gari gidanmu babu babba ko ɗaya. Baba ya tafi kasuwa tun da sassafe, Inna kuma da kakata, wadda muke kira Iya, sun tafi bikin suna a ƙauyen gaba da mu, sun ce sai la'asar. Aka bar ni da kaji da wata tunkiya mai ciki. A bayan ɗakin Iya, ƙarƙashin darbejiya, kwandon toka yana zaune a kan kwatarniya yana ɗiga tun jiya, ruwan ya taru ja-ja kamar shayin da aka manta a wuta. Na san washegari Iya za ta dafa sabulu, na kuma san abin da ya fi cinye mata yini shi ne tafasa wannan ruwa har ya yi kauri, domin tukunyar ƙasarta ba ta ɗaukar zafi da wuri. Ina tsaye ina kallon kwatarniyar zuciyata ta ba ni wata dabara da na ɗauka babu wanda ya taɓa yin irinta a garinmu. Na shiga ɗakin Inna, na taka bakin gado, na sauko da sabuwar tukunyarta ta silba daga saman jere, wadda ko ruwan zafi ba a taɓa dafawa a ciki ba. Na cika ta da ruwan toka na ɗora a murhu. Tun kafin in gama hura wutar na ga wasu 'yan ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin tukunyar, ba daga gindinta ba. Na san tafasa daga ƙasa take farawa. Na gani, na yi mamaki, na ci gaba da tura itace.

Yau ina zaune ne a hawa na biyar a Parkchester, wata unguwa a ƙasar waje, kusa da taga, ina jin jirgin ƙasa mai lamba shida yana wucewa can a kan gadarsa, kuma abin da ya dawo mini da wannan rana 'yata ce, Ikram. Shekararta huɗu. Duk lokacin da sanyi ya shigo aka kunna bututun ɗumama gida, fatarta sai ta bushe ta yi fari-fari, ta kama sosa lanƙwasar hannunta da bayan gwiwarta har jini ya fito. Na yanke mata farce, na sa mata safa a hannu, na kai ta asibiti ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Likita ta ba mu man shafawa, yana taimakawa, ta kuma ce in canza sabulu. Na canza har gefen bahon wankanmu ya cika da kwalabe. Babanta yana cewa na cika damuwa, yara da yawa suna yi a ƙasar nan kuma yana wucewa. Wataƙila gaskiyarsa ce. Amma ni duk sanda na tsaya a kanti ina juya kwalba, ina haɗa ƙananan haruffan nan da karatuna na wadda ba ta gama firamare ba, sabulun Iya nake tunawa, wanda mata suke takowa daga ƙauyuka su karɓa saboda jariransu masu kirci. Na san yadda ake yin sa tun daga ƙona kara har zuwa tuƙi. Abu ɗaya ne ban sani ba, na ƙarshe, kuma daga Alhamis ɗin nan na fara rasa shi.

Gidanmu gidan ƙasa ne mai zaure ɗaya da rumbu biyu, da rijiya a ƙofar gida da muke tarayya da maƙwabta. Iya mahaifiyar Baba ce, gajeruwa, mai hannuwa kamar busasshen ice, faratanta duk sun yi ja sun tsattsage saboda toka. Ba ta da yawan magana da manya, amma ni da ita ba ma rabuwa da tsokana. Mai Ido take kirana, wai ba na iya wuce abu ban tsaya na ƙura masa ido ba, ni kuma in ce mata tsohuwa mai warin hayaƙi, ta ɗaga muciya kamar za ta kwaɗa mini, in gudu bayan rumbu ina dariya. Shekararta a kan sabulu take tafiya. Da damina mu fita da sassafe tsintar ƙwarar kaɗanya, raɓa tana jiƙa mana zane har gwiwa. Da kaka, in an girbe dawa, ta bi gonar Baba tana zaɓen kara, ba kowanne take so ba, sai mai kauri da ya bushe a tsaye, a ɗaure mata dami-dami a jingine a bayan ɗaki. Da rani ta ƙona, ta tace, ta dafa, tukunya bayan tukunya, kafin ruwa ya sauka. In ruwan farko ya taɓa karan, to an rufe sai wata shekara, domin ta ce ruwan sama yana wanke ƙarfin da ke cikinsa, ya bar miki toka marar rai.

A gindin murhunta na fara sanin kowane abu da halinsa. Iya ba ta bayani, sai dai ta miƙo miki abu ta ce, "Riƙe ki gani." Ta sa mini curin man kaɗanya a tafin hannu, kafin in ƙirga ashirin ya fara bin tsakanin yatsuna, amma in na jefa shi a ƙwaryar ruwa sai ya yi ta yawo a sama, ko yini zan yi ina juyawa ba zai shiga ba. Gishiri kuwa a ruwa ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba, a wuta kuma sai dai ya yi ta tartsatsi yana tsalle, ba ya narkewa. Na taɓa satar ɗan dunƙulen gishiri mai tsakuwa na kai makaranta, da aka fita tara na fasa shi da dutse a kan dakalin ajinmu, na kwanta ruf da ciki ina kallo: kowane ɓarɓashi gefensa a miƙe kamar an yanka da reza, ko yaya na ƙara fasa shi. Sukari ya yi kama da shi a ido, amma ranar da aka yi alewa a gidanmu na ga ya narke ya yi ja ya kama kasko. In ina dawowa gida nakan tsaya daga nesa in leƙa rumfar maƙera, in ga ƙarfe yana lanƙwasa a ƙarƙashin guduma bai fashe ba, in tuna tulun da ya suɓuce mini a bakin rijiya ya tashi gida bakwai. Ban san dalilin ko ɗaya ba. Ina dai tara su a kaina kamar yadda ƙawayena suke tara duwatsun carafke.

Aikin sabulun kuma hawa-hawa Iya ta raba mini shi. Ina shekara bakwai aikina kwasar toka in ta huce. Ina takwas na koyi shimfiɗa ciyawa a cikin kwando yadda ruwa zai wuce toka ta tsaya. Daga baya ta nuna mini yadda ake gane ƙarfin ruwan, a murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsu a ji santsinsa, a yi maza a wanke hannu. Ina goma ta ba ni muciya. A nan ne abin da na fi so yake faruwa: man da ya ƙi ruwa tun da aka yi shi, in ya haɗu da ruwan toka a kan wuta aka yi ta tuƙi hannu ɗaya ba a juya baya, sai ya yi kumfa ya taso kamar zai zube, ya koma ya kwanta, a hankali su zama abu guda mai kauri, ba mai ba, ba kuma ruwa ba. Saura abu ɗaya. In tuƙi ya yi nisa, Iya takan lakato kaɗan a bakin muciya, ta hura, ta ɗana a harshenta, ta rufe ido. Wani lokaci ta ce a ƙara mai, wani lokaci ruwan toka rabin ludayi, wani lokaci kuma ta tofar ta ce, "Janye wuta." A wannan ɗanɗanon ne sabulunta ya bambanta da na kowa. In toka ta yi yawa zai ci fatar jariri, in mai ya yi yawa ba zai yi wanka ba, kuma zai yi wari. Na sha roƙonta ta ɗana mini, ta ce harshen yaro ɗanye ne, zafi kawai zai ji. Sai a farkon ranin nan, ta sa na buɗe baki ta ga na gama famfara, ta ce, "Bana zan ɗora miki. Tukunya ukun ƙarshe tare za mu tsaya, ki ji wanda bai kai ba, ki ji wanda ya wuce, ki ji daidai. Ba a faɗar sa da baki."

Wannan alkawari ne ya sa ni rawar kai. So nake Iya ta dawo daga suna ta tarar na rage mata aikin yini guda. Da farko kuwa dabarar ta yi kamar ta ci, don silbar ta ɗauki zafi nan da nan, ta tafasa a lokacin da tukunyar ƙasa ko ɗumi ba za ta yi ba. Sai dai tafasar ba irin wadda na saba gani ba ce. Ruwan ya bar ja ya koma toka-toka, kumfa mai datti tana hawa tana sauka, tana wani sauti kamar ana suya a gidan maƙwabta. Ya ragu na ƙara wani, ya ragu na ƙara. Wajen azahar na ji wutar tana cewa cuu, cuu, na duƙa na leƙa, sai ga ɗigo yana fita ta gindin tukunyar yana faɗawa kan garwashi. Na sauke ta da tsumma, na juye abin da ya rage a bayan rumbu. Cikinta, da ɗazu da safe nake ganin fuskata a ciki, ya yi baƙi ƙirin, ya yi kaushi kamar harshen saniya, da na ɗaga ta sama kuma na hango rana ta 'yan huji uku. Na goge ta da yashi, na goge da dusa, ina kuka ina gogewa, har bayanta ya dawo yana walƙiya. Na mayar da murfi, na ajiye ta a inda take, na ƙara ruwan rijiya a kwatarniya don kada a ga ya ragu.

Washegari Iya ta murza ruwan tsakanin yatsunta, ta daɗe tana kallon kwatarniyar, ta sake juye shi a kan sabuwar toka. Tukunyar kuwa sai bayan kwana biyar asirinta ya tonu, da Inna ta sauko da ita za ta dafa wa baƙi shinkafa. Ban taɓa ganin ran Inna ya ɓaci haka ba, don ita ce silba ta farko da ta mallaka. Ta yanke hukunci cewa mai kolin da ya kawo ta ne ya cuce ta. Ranar da bawan Allah ɗin ya sake zagayowa da kekensa, ta tsaya daga bayan ƙyauren zaure ta wanke shi tas. "Malam, ka ji tsoron Allah. Abu ko wuta bai gani ba ya ruɓe a kan jere, tukunya ka sayar mini ko kabewa?" Shi kuma yana ta rantsuwa yana juya ta a hannu. "Uwar gida, ni dai tun da nake ban taɓa ganin gara ta ci ƙarfe ba sai a gidan nan." Matan maƙwabta suna dariya ta kan katanga. Ni ina tsugune ina tankaɗe, kaina a ƙasa. Iya ta karɓi tukunyar, ta shafa cikinta da yatsa, ta shinshina, ta miƙa wa Inna ta ce, "Bar shi ya tafi, 'yar nan, rana tana yi."

Da yamma tana tsefe mini kai, ina zaune tsakanin ƙafafunta, ta yi maganar a hankali yadda ni kaɗai zan ji. "Mai Ido, ruwan toka ba ya zama da silba. Ƙasa ko baƙin ƙarfe, su yake raga wa. Laifina ne da ban faɗa miki ba, ban zaci za ki haɗa su ba." Ta ci gaba da tsifa. "Tukunya ba komai ba ce. Amma an zagi mutum a ƙofar gidan nan a kan abin da bai yi ba. Ki je ki faɗa wa uwarki da bakinki. Wadda za ta ɗanɗana sabulun jarirai, in ta ji ya wuce dole ta ce ya wuce, ko da tukunyar duka za a zubar. Ranar da kika faɗa, ki zo mu ɗora." Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya.

Ba duka nake tsoro ba, don Inna ba ta cika duka ba. Fuskarta nake tsoro, irin kallon da za ta yi mini in ta tuna ta tsaya a zaure ta ci mutuncin mutum saboda ni. Kullum in ce gobe. In shirya maganar a hanyar rijiya, in shigo da tulu a ka in tarar tana surfe, in ce bari ta gama. Ta gama in ce bari ta huta. A makaranta malam yana rubutu a allo, ni hankalina yana kan dammunan karan da suke raguwa a bayan ɗaki. Da yamma 'yan mata suna gaɗa, a jefo ni tsakiya in rasa waƙa. Iya ta dafa tukunya ukun nan duk ina nan. Ni na kwashi toka, ni na tace, ni na yi tuƙi har kafaɗuna suka yi tsami. In lokacin ya zo sai ta karɓi muciya, ta hura, ta ɗana, ta rufe ido, ni kuma in tsaya a gefe ina kallon fuskarta ko zan karanta wani abu. Na ga dai goshinta yana tattarewa, na ga yana sakewa. Sau ɗaya da ta juya baya na lakata da yatsa na lasa, na ji ɗaci da zafi da wani ɗan gardi, amma ban san wanne ake nema a cikinsu ba.

Hadari ne ya buɗe mini baki. Wata la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso tana kwasar faifai da tabarmi, muka yi ta gudu muna kwashe shanya. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallon ruwan farko yana dukan damin kara biyu da Iya ta bari ba ta ƙona ba, na kuma san saboda wa ta bar su. Sai abin ya fi ƙarfina. Na juya na faɗa wa Inna komai a tsaye, da ƙarfi saboda ƙarar ruwan. Tana zaune tana tsince wake. Ta ɗago ta dube ni, sai ta yi dariya har ta ajiye faifan. "Sai yau? Ai Iya ta faɗa mini tun ranar, ta ce in bar ki ki kawo kanki. Mai kolin ma na ba shi haƙuri tuntuni, har 'yan ƙwai na haɗa masa." Ta nuna gefen ƙofa da haɓa. "Dambun da kike ci wata biyu, a me kike zaton ake turara shi?" Tukunyar ce. Ta ba maƙeri ya ƙara mata huji ta zama madambaci, hayaƙi ya rufe ta ta yi baƙi, ni kuma da ake kira Mai Ido na hana kaina kallon duk abin da ya yi kama da ita.

Na ruga ɗakin Iya cikin ruwan. Tana zaune a bakin gado tana jan carbi. Ta saurare ni, ta sa hannu ta share mini ruwan fuska, ta ce, "Madalla. Yanzu harshen ya nuna." Sai ta karkata kai tana sauraron waje. "Amma kara ya sha ruwa. Sai an girbe dawa, in muna da rai." Na ce ai muna da rai, tsohuwa mai warin hayaƙi ina za ki je? Ta ce, "Ke dai ki tara ƙwara da yawa." Na tara kuwa. Daminar nan babu yarinyar da ta riga ni fita, buhu biyu na cika ni kaɗai. A cikin marka Iya ta kwanta da zazzaɓi da ciwon ƙirji, kwana tara, dawa ko kai ba ta fitar ba aka kai ta makwancinta. Inna ba ta taɓa koyon sabulu ba, aikin surukarta ne ba ta shiga. Ƙwarar da na tara man miya aka yi da ita. Shekara ta zagayo aka kai ni Kano wurin gwaggona ina taya ta aiki, makarantar ma a nan ta tsaya.

A bara, da Ikram ta fara zuwa makarantar yara da safe, na shiga ajin manya masu neman takardar sakandare, da ake yi kwana biyu a mako a unguwarmu. Kusa da ni Hajiya Fati take zama, 'yar Kumasi mai kitso, wadda take fassara mini in Turancin ya yi gudu. Wata Talata malamarmu, dattijuwa da ta daɗe tana koyar da kimiyya, ta zazzage jakarta a tebur: gishiri, guntun kyandir, wayar wuta, da takardar nan mai walƙiya da ake naɗe abinci. Ta ce komai na duniya da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani aka gina shi, kuma halin kowane abu daga irin riƙon da ƙwayoyinsa suka yi wa juna yake fitowa. A gishiri, ɗaya ya bayar ɗaya ya karɓa, suka manne suka jeru layi-layi, shi ya sa wutar murhu ba ta raba su, amma in an buga layin ya goce sai ya tsage a miƙe, ruwa kuma yana zare su ɗaya-ɗaya. Na ajiye biro. Dakalin ajinmu nake gani, da dutse a hannuna. Mai da kyandir kuwa ta ce 'yan ƙungiyoyi ne, a cikin ƙungiya riƙon yana da ƙarfi don tarayya suka yi, amma tsakanin ƙungiya da ƙungiya sakwa-sakwa ne, ɗan zafi kaɗan ya isa ya raba su. Da ta zo kan ƙarfe ta ce kowa ya zuba nasa a tsakiya, na kowa da kowa ne, shi ya sa yake lanƙwasa bai karye ba, zafi kuma yake ratsa shi da gudu. Hajiya Fati ta rasa yadda za ta fassara, na ce ta bari, na gane, gandu ke nan.

Ban taɓa ɗaga hannu a ajin nan ba sai ranar. Hajiya Fati ta zungure ni, da Hausarta ta zango da ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Kai Saratu, yau wane aljani ya hau ka?" Na haɗa Turancina da hannu da zane a takarda na ba malamar labarin tukunya. Ta ɗauko takardar nan mai walƙiya ta ce ƙarfensu ɗaya da tukunyar Inna. Wai yana da wata siririyar fata a jikinsa da take kare shi, ruwa ba ya ratsa ta, amma ruwan toka yana narkar da ita, in ya gama ya shiga cin naman ƙarfen. Kumfar da na gani tun kafin wuta ta kama ba tafasa ba ce, wata iska ce da take fita yayin da ƙarfen yake cinyewa. Ƙasar da aka gasa kuwa ƙwayoyinta a sarƙe suke ta kowane gefe, ba ta ba shi wurin kamawa da sauƙi. Har sabulun ta zana mini a allo, wani abu mai kai da doguwar wutsiya, kan yana son ruwa, wutsiyar tana son mai, shi ya sa yake riƙe su biyun.

Da aka tashi na tsaya har kowa ya fita, na yi mata tambayar da ta fi damuna: yaya ake sanin ya yi daidai? Ta ce masu yi a nan awo suke yi da sikeli, kuma akwai wata 'yar takarda da ake tsomawa ta canza launi, kowane launi da lambarsa. Ta ce kada in kuskura in sa a harshe, yana ƙuna. Mako na gaba ta kawo mini takardun a ɗan akwati. Na gwada duk kwalaben gefen baho, na gwada sabulun salo iri uku da na samo a shagon 'yan Afirka, har da wanda wata 'yar ƙasarmu da ke unguwar Park Hill ta aiko mini. Kowanne ya ba ni launinsa, na rubuta a bayan littafina. Sai da na gama, ina zaune a bakin bahon, na gane babu abin da zan gwada su da shi. Ban san a wane launi Iya take cewa a janye wuta ba. Na kira Inna a waya na tambaye ta ko akwai wanda ya rage a garin da ya taɓa tsayawa da Iya a kan tukunya. Ina jin awaki suna kuka a bayanta, ta ce, "Ke ce kawai, Saratu. Ke kaɗai take bari ki matso." Sannan ta ce in daina wahalar da kaina, in shafa wa yarinya abin da likita ta bayar in yi mata addu'a.

Haka nake yi. Safe da yamma ina zaunar da Ikram a cinyata in shafa mata man, ina duba lanƙwasar hannunta kamar mai duba shuka, ina tambayarta da Hausa tana amsa mini da Turanci. A da, duk abin da muke amfani da shi na san gonar da ya fito da hannun da ya yi shi, ban san dalilin komai ba. Yanzu ina da dalilai cike da littafi, amma a gidan nan ko albasa ta ƙone ƙararrawar hayaƙi za ta tara miki maƙwabta, babu kara, babu murhu, babu wanda zai tsaya da ni a kan tukunya. Abu ɗaya dai na canza. In Ikram ta yi ɓarna, ta fasa kofi ko ta zana bango, ba na jira ta kawo kanta. Ba na ganin laifin Iya, na san abin da take son ginawa a cikina, amma ni ba ni da ƙarfin zuciyar jira irin nata. Nakan bi yarinyar har inda ta ɓuya, in tsuguna in ce, "Zo mu faɗa tare." Wata biyu kacal na yi shiru, ga shi shirun ya biyo ni har ƙasar nan.